Girin ɗinmu ya yi laushi kamar katifa, ƙwallo kuma ba ta gudu: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina aikin ciyawa a wani filin golf da ke ɓangaren Lekki a nan Legas, yanzu kuma an damƙa mini kula da girin-girin ɗin filin gaba ɗaya, wato wuraren gajeriyar ciyawa da ke kewaye da ramukan da ake jefa ƙwallo. 'Yan wasa suna ƙorafin ƙwallo ba ta gudu, tana ta tsalle-tsalle kafin ta kai rami. Oga ya ce in ƙara sauke injin yanka, na sauke, sai ciyawar ta yi faci-faci ja kamar an babbake ta. In ka taka sai ƙafarka ta lotsa, ga kuma wata baƙar gansakuka da ta bayyana tun da ruwan Yuni ya kankama. Don Allah a taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya taya ka riƙo. Abu na farko, gobe da safe kafin inji ya hau girin, ka ɗaga tsawon yankan ya koma wajen milimita 5, ka bar shi a nan sati biyu zuwa uku. Sauke injin da aka sa ka yi ba shi ne maganin ciwon ba, shi ne ma ya fito da shi fili. Duk alamomin da ka lissafa, da laushin, da tsallen ƙwallon, da jajayen facin, da gansakukar, tushensu ɗaya ne: matacciyar ciyawa ta taru a ƙarƙashin ɗanyar ta yi kauri. Ma'aikata suna ce mata tach, ni kuwa zan riƙa kiranta katifa, don haka take a ƙarƙashin ƙafa.

Ka tabbatar da idonka. Ɗauki wuƙa mai tsawo ka yanko ɓari guda daga girin, kamar yadda ake yanka kankana, zurfin santimita 10. Daga sama za ka ga koren ganye, sai wani sashe mai ruwan ƙasa wanda in ka matsa shi da yatsa zai lotsa ya dawo, sannan yashi da saiwoyi. Wannan sashen na tsakiya shi za ka auna. In bai wuce milimita 6 ba, lafiya lau, har ma yana da amfani don yana kare ciyawa daga takun mutane. In ya haura milimita 12, to a nan gizo ke saƙar. Ka kuma shinshina yankin. Idan ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ka ga wani baƙin layi ya gitta cikin yashin, alama ce ruwa ya toshe ƙasar, iska ba ta shiga, saiwoyi suna shaƙewa. Saiwa mai lafiya fara ce, tana nutsewa santimita 8 zuwa 10 ko fiye. Wadda ta tsaya a santimita 2 ko 3 tana zaune ne cikin katifar kawai, rana ɗaya mai zafi ta ishe ta.

Dalilin jajayen facin kuwa shi ne, ciyawar bamuda, wadda dangin kiri-kirinmu ce ta gida, korenta a ƙarshen kai kawai yake, ƙasa da shi kara ne mai ruwan ƙasa. Da damina katifa tana shan ruwa ta kumbura, inji ya hau ya nutse a ciki, sai wuƙar da ka saita a milimita 3.5 ta koma tana aski a 2 ko ƙasa da haka. Ta kwashe ganyen ke nan ta bar kara tsirara. Inda ciyawa ta yi sanƙo rana ta samu ƙasa mai laima, nan gansakuka take kafa sansani.

Ya kamata ka san irin ciyawar da ke girin ɗinka, don kowace da iyakarta. Tifgreen da aka fitar a 1956 da Tifdwarf ta 1965, duka daga tashar bincike ta Tifton a jihar Jojiya ta Amurka, su ne suka fi yaɗuwa a tsofaffin filayen ƙasashe masu zafi. Tifgreen ba ta son a daɗe ana yanka ta ƙasa da milimita 4.5. Tifdwarf tana jure 3.5 zuwa 4.5. Sababbin gajerun irin su TifEagle ana sauka da su har 3 ko ƙasa kaɗan, amma sun fi kowace saurin tara katifa, don haka sun fi cin aiki. Akwai kuma fasfalam ta bakin teku, wadda ke jure gishiri, abin da ya sa take dacewa da wurare irin Lekki. Idan kuma kiri-kiri ce ta gama-gari aka shuka, kada ka yi mata ƙasa da milimita 6. Ko wace ce, ƙa'ida ɗaya ba ta canzawa: ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Idan ruwa ya hana ku yanka kwana uku, ka ɗaga inji tukun, sannan ka riƙa saukowa da rubu'in milimita duk bayan kwana huɗu ko biyar.

Sai injin kansa. Injin girin almakashi ne: ganga mai wuƙaƙe 11 zuwa 14 tana juyawa a kan wuƙar ƙasa da ke tsaye. Kowace safiya, bayan an kashe inji, ka sa tsinken takarda tsakaninsu ka juya gangar da hannu a hankali, a dama, a tsakiya, a hagu. In ta yanke takardar tsaf a duk wuraren uku, ka fita aiki. In ta tauna ta ko ta naɗe ta, haka za ta yi wa ciyawa, kuma bakin ganyen da aka tauna yana bushewa ya yi fari, girin ya dusashe, cuta ta samu ƙofa. Ana wasa wuƙaƙen ta hanyar juya gangar da baya a shafa mata man wasawa mai yashi-yashi, amma wannan gyaran baki ne kawai, lokaci-lokaci sai an kai ta injin wasawa. Tsawon yanka kuma da ma'auni ake saita shi a ɓangarorin biyu, ba da ido ba. Bambancin rabin milimita tsakanin dama da hagu ya isa ya bar maka layi-layi a girin. Yanzu da ciyawar ke sanƙo, in kana da rola ta gaba mai santsi ka sa ta a madadin mai tsaga-tsaga, don mai tsagar tana ƙara nutsar da inji.

Ka riƙa canza fuskar yanka kullum, ka ɗauki girin kamar fuskar agogo: yau daga 12 zuwa 6, gobe daga 3 zuwa 9, jibi a karkace ta nan, gata a karkace ta can. Zagayen ƙarshe da ake yi a bakin girin kuwa, a riƙa tsallake shi rana bayan rana, domin nan ne taya ke bin sawu ɗaya har ta kashe ciyawa. Kuma kada a taɓa zuba fetur ko mai a inji yana kan girin.

Yanzu ga asalin gyaran. Bamuda ba tsaye take girma ba, rarrafe take yi, tana miƙa 'ya'ya a kwance. In aka ƙyale ta, duk ganyen sai ya kwanta fuska ɗaya kamar gashin akuya. Ƙwallon da ta bi kwanciyar sai ta zarce, wadda ta zo ta gaba da ita sai ta ja birki ta karkace. Ka tsaya a gefen girin da hantsi ka duba: ɓangaren da ke sheƙi ciyawar ta kwanta ne tana ba ka baya, wanda ya yi duhu kuwa tana fuskantarka. Kayan aiki uku ne ke maganin wannan, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Na farko buroshi, wanda ake ja ko a ɗaura a gaban inji ya tayar da ganye tsaye kafin wuƙa ta iso. Ba ya cutarwa, kusan kullum ana iya yi.

Na biyu shi ne mataji, wato guruma, jerin siraran wuƙaƙe da ke tsakanin rolar gaba da gangar yanka. Aikinsa taje ganye da datse ƙananan 'ya'yan da ke rarrafe a sama, ba tonon ƙasa ba. Ka fara saita shi daidai da tsawon yanka, ko rabin milimita ƙasa da shi, kada ka wuce milimita 1. Shaidar ka saita daidai ita ce ka ga kwandon ciyawa ya ɗan ƙara cika, amma in ka waiwaya ba ka ga sawu a girin ba. Da zarar ka ga yashi ko jajayen kara a kwando, ka yi zurfi, ka ɗaga. Sau biyu ko uku a sati ya isa lokacin da ciyawa ke girma sosai, kuma a kashe shi a zagayen bakin girin da kan tudu. Ribarsa ita ce duk inda aka datse ɗa, sabon toho yana fitowa tsaye, ciyawa ta yi cunkus, ƙwallo ta hau kan tsinin ganye ta mirgina sumul ba tare da an sauke inji ba.

Na uku injin tsaga, batikot a bakin ma'aikata. Wuƙaƙensa sun fi kauri, suna shiga milimita 1 zuwa 2 cikin fuskar girin, suna yanke kara suna fito da matacciyar ciyawa. Wannan rauni ne ake yi wa girin da gangan, don haka ba a yi sai ciyawar tana da ƙarfin warkewa. Duk sati biyu a lokacin girma, sau ɗaya a miƙe sau ɗaya a gicciye, a kwashe abin da ya fito, a yi yanka, a bi da yashi. A halin da girin ɗinka yake ciki yanzu, kada ka kusance shi da wannan injin, har ma da matajin, sai jajayen facin sun rufe.

Yashi kuwa, in da za a ce in zaɓi aiki ɗaya tak da ke gyara girin, shi zan zaɓa. Yana cike ƙananan ramukan da ke sa ƙwallo tsalle, yana shiga cikin katifa ya gauraya da ita ta daina zama soso, yana kuma ƙarfafa fuskar yadda inji ba zai nutse ba. Sirrinsa kaɗan-kaɗan a kai a kai: kaurin rabin milimita duk kwana 10 zuwa 14. Ga girin mai murabba'in mita 500, wannan lita 250 ne, kimanin kwanon sarki 14, ko baro uku da rabi. A watsa shi busasshe a kan busasshiyar ciyawa, a bi da buroshi ko tsintsiya mai laushi har ya ɓace daga ido, a ɗan yayyafa ruwa. Washegari a bari raɓa ta bushe kafin yanka, ko a yi birgima da rola kawai, don yashi yana cinye kaifin wuƙa. Zuba shi da yawa sau biyu a shekara ba daidai yake da wannan ba, sai ma ya haifar da hawa-hawa a cikin ƙasa, yashi, katifa, yashi, katifa, kuma kowane hawa yana tare ruwa da saiwa.

A Legas sai ka sa ido sosai kan irin yashin da tifa ke kawo maka. Yawancinsa daga lagun, wato tafkin Legas, ake yaso shi, yana iya zuwa da gishiri, da laka, da ɓawon katantanwar ruwa da ke sauya sinadarin ƙasa ya kuma fasa bakin wuƙa. Shawarar hukumar golf ta Amurka, USGA, wadda ta fara fitar da ƙa'idar gina girin a 1960, ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin yashin su kasance tsakanin milimita 0.25 da 1, laka mai danƙo kada ta wuce kashi 3. Gwajin gida: zuba yashin rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye. Mai kyau yana kwanciya nan take ruwan ya washe. In ruwan ya daɗe a gurɓace, ko laka ta kwanta a sama da kauri, a wanke shi ko a mayar. A tankaɗe shi da rariya mai ido milimita 1 ko 2. Kada kuma ka yarda a ba ka yashin filasta mai laushi don ya fi saurin ɓacewa cikin ciyawa. Yashi mai laushi a kan mai kaushi yana riƙe ruwa a sama, gansakukar da kake kuka da ita za ta ninka. Ka samu wuri guda da yashinsa ya yi daidai da na cikin girin, ka tsaya a kansa.

Katifar da ta riga ta yi kauri ba ta tafiya sai an huda. Ana amfani da ƙusoshi masu rami a ciki, faɗin milimita 12 ko 13, zurfin santimita 7 zuwa 10, tazarar santimita 5 kowace fuska. Suna zaro ƙasa kamar 'yan sigari, a kwashe su gaba ɗaya a fitar, a cike ramukan da busasshen yashi har baki. Girin mai murabba'in mita 500 zai ci kusan kubik mita 2, wajen baro 28. Huda ɗaya irin wannan kashi 5 cikin 100 kawai take taɓawa na fuskar girin, alhali masana suna son a taɓa kashi 15 zuwa 20 a shekara, shi ya sa sau ɗaya ba ya isa. Ramin da aka bari rabi a buɗe kuwa, bakinsa rufewa yake yi da katifa, wahalar ta tashi a banza.

Lokacin yinsa a nan ya bambanta da abin da aka saba a Arewa. Bamuda 'yar rana ce, tana son awa 8 na hasken rana kai tsaye, kuma daga Yuni zuwa Agusta sararin Legas a lulluɓe yake da gajimare. Ko ɗan tsagaitawar ruwan da ake samu a Agusta ba ta zuwa da rana sosai. Ciyawar tana miƙewa ta yi siriri, ba ta da ƙarfin rufe rauni. Don haka babbar huda da tsaga mai zurfi a yi su a Maris zuwa farkon Mayu, sannan ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A tsakiyar damina irin yanzu, abin da ya dace shi ne ƙusoshi sirara marasa rami, milimita 5 ko 6, duk sati uku ko huɗu, don ƙasa ta sha iska. In babu inji, cokalin haƙa mai yatsu ma yana yi a wuraren da ruwa ke kwanciya: a soka a miƙe, a zare a miƙe, ba a banƙara ba. Ka kuma bi bakin bututun magudanar kowane girin ka ga ko yana zubar da ruwa bayan an yi ruwan sama. Sau da yawa saiwar bishiya ko laka ce ta toshe shi.

Ita gansakukar, a bari ta bushe ta yi ɓawo, a farfasa ɓawon da ƙusoshi ko buroshi mai tauri, a barbaɗa yashi ya rufe mata rana. Maganin feshi mai mankozeb ko kulorotalonil yana danne ta, amma muddin wurin yana jiƙe kuma ciyawa ba ta rufe ba, za ta dawo.

Ban ruwa da rani, daga Disamba zuwa Maris, a yi shi da asuba. Na yamma yana kwana da ganye a jiƙe, abin da cututtuka ke so ke nan. Girin yana asarar kimanin milimita 4 zuwa 5 na ruwa a rana mai zafi, kuma milimita 1 lita 1 ce a kowane murabba'in mita. Jera gwangwanayen tumatir guda 10 a girin, kunna ruwa minti 15, ka auna abin da kowane ya tara, za ka san abin da famfunanka ke bayarwa da inda ba sa kaiwa. Gara a shayar da ƙasa sosai a bar ta ta ɗan sha iska, da a riƙa yayyafi kullum, don yayyafi a sama yake tsayar da saiwa. Inda ka ga faci ya bushe ruwa yana mirginawa a kansa kamar a bayan agwagwa, yashin ne ya daina karɓar ruwa: a huda, a sa maganin jiƙa ƙasa, a bi shi da tiyo da hannu. A kai ruwan rijiyar burtsatsenku a auna gishirinsa, don a yankin Lekki ba abin mamaki ba ne. In akwai gishiri, sau ɗaya a wata a yi ban ruwa mai yawa da zai wanke shi ya bi magudana. Raɓar safe kuma a kakkaɓe ta da doguwar gora ko a ja tiyo a kai, ko da ranar ba za a yi yanka ba.

Taki da cokali ake ba girin, ba da buhu ba. Yawan taki shi ne babban mai gina katifa. Giram rabi zuwa 1 na naitirojin a kowane murabba'in mita duk kwana 7 zuwa 10 ya wadatar. Da yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, wannan giram 550 zuwa kilo 1.1 ke nan a narke cikin lita 40 na ruwa ga girin mai murabba'in mita 500, a fesa da sanyin safiya a bi da ruwa kaɗan. A watannin gajimare ka tsaya a ƙaramin adadin. Yashi ba ya riƙe fotash, ruwan Legas kuma yana wanke shi, don haka a riƙa ƙara shi daidai gwargwado. In kore ake so ba girma ba, giram 300 na gishirin ƙarfe, wato feros salfet, a girin guda yana ba da launi cikin kwana ɗaya ko biyu. NPK 15-15-15 na gona bai dace da girin ba: ƙwayarsa babba ce, inji yana kwashe ta, wadda ta rage kuma ta ƙone wurin ɗigo-ɗigo. Abin da kwandon inji ke tarawa kullum shi ne ma'auninka. In ya fara cika fiye da yadda aka saba, ka rage taki.

Wasu facin ba na inji ba ne. Zuba cokali biyu na sabulun wanke-wanke na ruwa cikin lita 8, ka kwarara a murabba'in mita guda a bakin facin. Cikin minti biyar, in akwai gyare mai tono ko tsutsa, za su fito. Tsutsar nan mai cin masara da aka fara gani a Najeriya a 2016 tana cin bamuda ma, kuma da daddare take ɓarna, don haka feshinta da yamma ne. Ƙananan faci masu launin kara, girman kwabo, cutar dala-sifot ce, ta fi kama ciyawa mai yunwa da ke kwana cikin raɓa. Duk maganin da za a saya a duba lambar NAFDAC, a bi adadin da ke jikin kwalin, a riƙa sauya iri don cuta kada ta saba, mai feshi kuma ya sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba. Tuji da harƙiya a cire su da wuƙa tun suna ƙanana a cike gurbin da yashi. Aya-aya kuwa cirewa ba ta kashe ta saboda 'ya'yan da ke ƙasa, sai magani, kuma a gwada shi a gefe tukun, musamman in fasfalam ce.

Game da gudun da oga ke nema, akwai hanyar ba shi ba tare da an taɓa tsawon yanka ba: birgima da rola mara nauyi sau biyu ko uku a sati, bayan yanka, ba a kan ƙasa mai jiƙe sharkaf ba. Tana iya ƙara wa ƙwallo kusan ƙafa guda a ranar. Ka nemi a sayo ma'aunin gudu, Stimpmeter, sandar alminiyam mai tsawon inci 36 wadda Edward Stimpson ya ƙirƙiro samfurinta na farko, na katako, a 1935. A wuri mai shimfiɗe ake sako ƙwallo uku, a auna nisan da suka mirgina, a sake sako uku ta dawowa, a ɗauki matsakaici. Ƙafa 8 zuwa 9 gudu ne mai kyau ga wasan yau da kullum a Tifdwarf, kuma 'yan wasa sun fi jin daɗin a ce duka girin-girin gudunsu ɗaya da a ce guda yana tashi guda yana ja. Ka riƙa rubuta adadin a littafi tare da tsawon yanka, da ruwan sama, da ranar yashi. Ka yanko ɓarin nan na girin ka kai wa oga ya matsa katifar da yatsansa, sannan ka roƙi sati shida: uku na farko ɗaga inji, huda sirara, yashi da taki kaɗan, uku na biyu a shigo da mataji da birgima ana saukowa a hankali zuwa milimita 4, in irin ciyawarka tana jure hakan. Babbar hudar kuma a sa mata rana a ƙarshen Oktoba tun yanzu, a sanar da 'yan wasa, don girin zai ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya koma daidai.

A cikin waɗannan makonni ka riƙa matsar da ramin ƙwallo kullum ko bayan kwana biyu, nesa da wuraren da suka yi sanƙo, don takun ƙafa ya rarrabu. Faɗinsa milimita 108 ne, kofin da ke cikinsa kuma a nutsar da shi aƙalla milimita 25 ƙasa da fuskar ciyawa, toshin tsohon ramin a mayar da shi daidai da fuskar girin, in ya yi tudu inji zai aske shi, in ya lotsa ƙwallo za ta yi tsalle a kansa. Girin da ya ƙi farfaɗowa bayan duk wannan, je ka tsaya a kansa da ƙarfe takwas na safe ka ga ko rana tana samunsa. In inuwar bishiya ce ta gabas ta rufe shi, sai an sassabe rassan, a kuma haƙa siririn rami tsakaninta da girin, zurfin santimita 60, a datse saiwoyin da ke shigowa suna shanye masa ruwa da taki.